Imel ɗin bogi da sunan PayPal da takwarorinsa: yadda ake gane shi, da abin yi idan an taka tarkon

Imel ne ya shigo da tambarin PayPal, shuɗi fes, rubutu a tsare. Yana cewa an taƙaita asusunka domin wani ya yi ƙoƙarin shiga daga wata ƙasa, kuma in ba ka tabbatar da bayananka cikin awa 24 ba za a rufe shi. A ƙasa ga wani ƙaton maɓalli yana jiran yatsanka. Sunan wannan damfara a Turance phishing ne, an samo shi daga kamun kifi, tun tsakiyar shekarun 1990 da aka fara yi wa masu amfani da AOL a Amurka. Kwatancen ya dace: imel ɗin shi ne koto, linkin da ke ciki shi ne fatsa. Yau ana yin ta da sunan PayPal da Payoneer da Wise, a Najeriya kuma da sunan Paystack, Flutterwave, Remita, OPay, PalmPay da bankuna. Kamfanonin ba su da hannu a ciki, rigarsu kawai ɓarawo ya ara.

Kafin a shiga alamomi, ga ƙa'idar da ta fi dukansu amfani. Kada ka warware maganar kuɗi daga cikin imel. Duk abin da saƙon ya ce, rufe shi, ka buɗe manhajar kamfanin da ke wayarka, ko ka rubuta adireshin shafinsu da hannunka a burauza, ka shiga asusunka ka duba. In da gaske an taƙaita asusun, za ka tarar da sanarwar a ciki. In da gaske an turo kuɗi, za ka gan su a jerin hada-hada. In ba ka ga komai ba, magana ta ƙare. Sauran bayanan da ke tafe na ƙarin tabbaci ne, domin alamomi kan yaudari ƙwararre ma, amma asusunka ba ya yi maka ƙarya.

Koto iri uku

Na farko shi ne na tsoratarwa, irin wanda aka kwatanta a sama. An rufe asusu, an ga baƙuwar shiga, katinka ya ƙi aiki, BVN ɗinka na buƙatar sabuntawa. Kullum akwai wa'adi, domin mai gaggawa ba ya karanta adireshi. Maɓallin yana kai ka shafin da ya yi kama da na gaske, ka rubuta imel da kalmar sirri, daga nan a nemi lambar kati, ranar ƙarewarsa, lambobi 3 na bayansa, wani lokaci har da PIN da BVN mai lambobi 11. Babu shafin biyan kuɗi na gaskiya da zai tattara waɗannan duka da sunan "tabbatarwa".

Na biyu rasit ne na abin da ba ka saya ba: waya mai tsada, kuɗin kirifto, ko sabunta rajistar manhajar kariya daga ƙwayar cutar kwamfuta, a ce dala 499. Wannan sau da yawa babu linki a cikinsa sam, sai lambar waya da aka ce ka kira in ba kai ka yi sayayyar ba. Rashin linkin da gangan ne, domin matatar imel, wato tsarin da ke ware saƙonnin banza, ta fi kama saƙo mai mugun linki. In ka kira, wani mai ladabi zai ɗauka, ya ce zai taimaka a dawo maka da kuɗinka, amma sai ka sauke AnyDesk ko TeamViewer. Manhajoji ne na halal da masu gyaran kwamfuta ke aiki da su daga nesa, sai dai duk wanda ka karanta wa lambar da suka nuna, ya ga fuskar na'urarka kuma zai iya sarrafa ta. Daga nan yakan ce ka shiga asusun banki "don a ga ko kuɗin sun dawo".

Na uku ya fi cin masu sayar da kaya da masu aikin kwangila ta intanet. Mai saye ya ce ya biya, sai ga imel da sunan kamfanin biyan kuɗi cewa kuɗin suna riƙe har sai ka tura kaya ka aiko da lambar bin sawunsu. Wani salon kuma a ce an biya ka fiye da kima bisa kuskure, ka mayar da rarar ta wata hanya, ko ka biya kuɗin "ɗaga darajar asusu" kafin a saki kuɗinka. Alat na bogi ne dai, ya sako babbar riga. Abin da ke rikita mutane shi ne PayPal na riƙe kuɗin sabon mai sayarwa da gaske, har zuwa kwana 21. Bambancin a nan yake: kuɗin da aka riƙe da gaske suna bayyana a cikin asusunka da alamar jira, kana ganin adadinsu da sunan wanda ya turo. In imel ya ce akwai kuɗi, asusu ya ce babu, to babu. Kuma ba a biyan kuɗi don a karɓi kuɗi.

Wane ne ya aiko?

Sunan da kake gani a saman saƙo ba hujja ba ce. Kowa zai iya sa "PayPal" ko "Paystack Support" a matsayin sunansa, kamar yadda kowa zai iya rubuta abin da ya ga dama a bayan ambulan. Adireshin da ke ƙarƙashin sunan shi ake dubawa. A manhajar Gmail ta waya, taɓa ƙaramar kibiyar da ke ƙarƙashin sunan mai aikowa, cikakken adireshin zai buɗe. Duba abin da ya biyo bayan alamar @. Kamfanin da ke juya kuɗin miliyoyin mutane ba zai rubuto maka daga gmail.com ko outlook.com ba. Duba kuma adireshin da amsa za ta tafi. In ka danna amsawa ka ga wani adireshi daban ya fito, alama ce babba.

Mai kwamfuta yana iya zurfafawa. A Gmail, danna ɗigo uku na gefen saƙon ka zaɓi "Show original". Za ka ga layuka uku: SPF, DKIM da DMARC. Na farko yana duba ko uwar garken da ta aiko saƙon tana da izinin aikawa da sunan wannan adireshi, na biyu sa hannu ne na lissafi da ke nuna ba a taɓa saƙon a hanya ba, na uku kuma yana duba ko su biyun sun dace da sunan da aka nuna maka. In ka ga FAIL, alama ce babba cewa saƙon jabu ne. In ka ga PASS, kada ka saki jiki: ɓarawon da ya yi rajistar nasa adireshin mai kama da na kamfanin zai ci wannan jarrabawa, domin da sunan kansa ya aiko. Sai ka karanta adireshin da ke kusa da PASS ɗin harafi bayan harafi.

Gaisuwa ma tana faɗar wani abu. PayPal na kiran mutum da cikakken sunansa ko sunan kasuwancinsa, don haka "Dear Customer" abin zargi ne. Amma ganin sunanka ba wanke saƙo ba ne, tunda ana sayar da jerin sunaye da adiresoshin imel da aka sato daga wasu shafuka. Tsohuwar shawarar nan ta neman kurakuran Turanci kuwa ta kusa tashi aiki. Manhajojin rubutu na ƙirƙirarriyar basira sun gyara wa ɓarayi nahawu.

Karanta linki kafin ka taɓa shi

A kwamfuta, ɗora linzami a kan maɓallin ba tare da ka danna ba, ainihin adireshin zai bayyana a ƙasan allo ta hagu. A waya, danne linkin da yatsa ka riƙe har akwatin da ke nuna adireshin ya fito. Rubutun da ake gani da inda linkin zai kai ka abubuwa biyu ne. Ana iya rubuta www.paypal.com a fili, a ɓoye wani wuri a ƙarƙashi.

Karanta adireshi yana da hanya, kuma nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Tsallake https:// na farko, ka bi rubutun har ka isa layin karkace na farko, wato /. Daga nan ka dawo baya. Ɗigo ne ke raba adireshin gaɓa-gaɓa, kuma gaɓoɓi biyu na ƙarshe kafin wannan layi su ne sunan mai gida, ko uku in adireshin ya ƙare da irin .com.ng ko .co.uk. Ɗauki wannan misali na ƙirƙira: paypal.com.tabbatar-asusu.xyz/login. Ido yana ganin paypal.com a gaba sai hankali ya kwanta, alhali mai shafin shi ne tabbatar-asusu.xyz, duk abin da ke gabansa ado ne da ya rubuta da kansa. Haka nan paypal-secure.com ba paypal.com ba ne, ɗan layin nan (-) da abin da ya biyo bayansa sun mayar da shi gidan wani.

Sai wasan haruffa, wanda ya tsufa amma bai mutu ba. A shekarar 2000 an damfari mutane da adireshin da aka musanya ƙaramin "l" na ƙarshen PayPal da babban "I", domin a wasu salon rubutu ba a bambance su. A 2005 masu bincike sun nuna za a iya yin rajistar paypal.com da harafin "a" na rubutun Rasha, wanda ido ba ya raba shi da namu. Burauzoji na yanzu sukan tona irin wannan ta hanyar nuna adireshin da xn-- a farkonsa. In ka ga haka a shafin kuɗi, fita. A ƙaramin allon waya kuma "rn" na kama da "m", sifili na kama da "o".

Gajartaccen linki irin na bit.ly ba shi da gurbi a saƙon kamfanin kuɗi. Haka lambar QR da aka manna a cikin imel ko PDF a ce ka ɗauka da kyamara. Dabara ce ta fitar da kai daga kwamfutar da ke da kariya zuwa waya, inda adireshi ba ya fitowa duka.

Kwaɗon da ke gefen adireshi da https ba shaidar gaskiya ba ne. Ma'anarsu kawai wani na uku ba zai leƙa abin da ke tsakaninka da shafin ba. Takardar shaidar da ke ba da wannan kwaɗo kyauta ake samunta cikin 'yan mintoci, ɓarawo ma yana da ita. Saboda yawan ruɗin da alamar ke jawowa ne Chrome ya cire ta a 2023.

Idan imel ɗin na gaske ne, amma damfara ce

Wannan shi ne mafi wuyar sha'ani. PayPal na ba masu asusu damar aika wa wani takardar neman biya ko roƙon kuɗi. Ɓarawo sai ya buɗe asusu, ya aiko maka da takardar dala ɗari-ɗari, a wurin da aka ware don bayanin mai sayarwa ya rubuta cewa an cire kuɗi daga asusunka, ka kira lamba kaza don sokewa. Saƙon daga service@paypal.com yake zuwa da gaske, SPF da DKIM duk PASS, linkin ma na PayPal ne. Duk gwaje-gwajen da aka lissafa a sama zai tsallake su. Abin da za ka riƙe shi ne takardar neman biya roƙo ce, ba cirewa ba. Ko sisi ba ya fita sai ka danna biya da kanka. Kada ka biya, kada ka kira lambar. Shiga asusunka ka soke takardar ko ka kai rahotonta daga can. Lambar wayar kamfani kuwa daga cikin manhajarsu ko bayan katinka ake ɗaukarta. Ko ta binciken Google ma a yi hattara, domin ɓarayi na sayen tallar da ke fitowa a saman sakamako.

Abin da aka maƙala wa saƙo ba ya buƙatar dogon bayani. Fayil mai ƙarewa da .html ko .htm shafin shiga ne na bogi da zai buɗe a na'urarka. Mai .zip yakan ɓoye muguwar manhaja. Mai .apk manhajar Android ce, kuma wadda aka aiko da sunan "sabunta manhajar banki" takan nemi izinin karanta saƙonnin tes don ta riƙa kwashe lambobin da banki ke turo maka. Daga Play Store ko App Store kaɗai ake sabunta manhajar kuɗi.

Lambar OTP ba katanga ba ce

Mutane da yawa suna ɗauka tunda sai an turo musu lambar amfani sau ɗaya, wato OTP, kafin a shiga, sun tsira. Shafukan bogi na yanzu a tsakiya suke tsayawa. Kana rubuta kalmar sirri, suna miƙa ta ga shafin gaske nan take. Kamfanin ya turo maka lambar gaske. Ka rubuta ta a shafin bogi. Su miƙa, su shige. Duka cikin ƙasa da minti ɗaya. Lambobi 6 na manhajar tantancewa irin Google Authenticator, masu canzawa duk daƙiƙa 30, sun fi na tes aminci ta fuskar satar layin waya, amma su ma ana iya karɓe su ta wannan hanya. Saboda haka ka karanta saƙon da lambar ta zo a ciki. In ya ce lambar ta tura kuɗi ce ko ta ƙara sabuwar na'ura, kai kuma ka ɗauka shiga kake yi, tsaya nan.

Abubuwa biyu ne ke toshe wannan ƙofa sosai. Ɗaya mabuɗin shiga na zamani da ake kira passkey, wanda ke aiki da zanen yatsa ko fuskarka. PayPal ya fara karɓarsa a 2022. A ɗaure yake da ainihin adireshin shafin, don haka a shafin bogi ba ya aiki ko da kai ka yarda. Na biyu ma'ajiyar kalmomin sirri, irin ta cikin Chrome ko iPhone. Ita adireshi take dubawa, tambari bai dame ta ba. In ta saba cike maka akwatin shiga, yau kuma ta yi shiru, saurare ta.

In ka riga ka taka

Matakin ya danganta da nisan da ka yi, kuma a nan sauri yana da amfani.

In buɗe imel ɗin kawai ka yi, babu abin tashin hankali. In ka danna linki amma ba ka rubuta komai ba, rufe shafin, ka duba jakar abubuwan da aka sauke ka goge duk baƙon fayil ba tare da ka buɗe shi ba.

In ka rubuta kalmar sirri, shiga shafin gaske yanzu ka canza ta, ka zaɓi fitar da duk na'urorin da ke ciki, domin canza kalma kaɗai ba kullum yake korar wanda ya riga ya shiga ba. Duba lambar waya, imel da asusun banki da ke haɗe, ko an ƙara wanda ba naka ba. Duba jerin biyan kuɗi na kai-tsaye da aka ba izini. Sannan ka canza kalmar a duk wani wuri da ka yi amfani da irinta, ka fara da imel ɗinka, tunda ta nan ake sake saita kalmar sirrin komai. A cikin saitin imel ɗin, leƙa sashen turawa gaba da na matata. Ɓarayi sukan dasa umarnin da ke tura musu kwafin saƙonninka, ko ya goge duk sanarwar da ta zo daga kamfanin kuɗi kafin ka gani. Mutane da dama sukan canza kalmar sirri su manta da wannan, bayan mako biyu a sake shigar musu.

In ka ba da lambar kati, PIN ko OTP, toshe katin kafin komai. Manhajar banki tana da wurin yin haka, kuma bankunan Najeriya da yawa suna da lambar USSD ta rufe asusu da ke aiki ko daga wayar wani, misali *901*911# ta Access da *966*911# ta Zenith. Nemi ta bankinka tun yau ka rubuta a takarda, ba ranar da gobara ta tashi ba. Daga nan kira banki, ka ba su lokaci, adadi da lambar hada-hadar. Kuɗin da aka tura nan take suke sauka, ɓarayi kuma suna rarraba su zuwa wasu asusun cikin mintoci. Damar a riƙe su a bankin da suka faɗa tana raguwa da kowace awa.

In ka sauke manhajar sarrafawa daga nesa ko fayil ɗin .apk, kashe data da Wi-Fi nan take, ka cire manhajar, ka canza kalmomin sirri daga wata na'urar daban. Wayar da muguwar manhaja ta samu izinin karanta tes ko sarrafa allo, ya fi aminci a kwashe hotuna da lambobi a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Kai rahoto

Kada ka goge saƙon kafin ka ajiye shaida: hoton allo mai nuna adireshin mai aikowa, linkin, da rasit ɗin duk kuɗin da suka fita. Wanda ya kwaikwayi PayPal ana tura shi yadda yake zuwa phishing@paypal.com. Ƙungiyar APWG mai yaƙi da wannan damfara tana karɓar kowane iri a reportphishing@apwg.org. A Gmail na kwamfuta akwai "Report phishing" a ƙarƙashin ɗigo ukun nan, kuma yana taimaka wa matatar ta tare saƙon kafin ya isa ga wasu. Kada ka amsa, ko da zagi ne, kada kuma ka danna wurin cire suna daga jerin masu karɓa. Duka biyun suna shaida musu adireshinka na aiki.

In an yi asarar kuɗi a Najeriya, rubuta wa bankinka koke a hukumance ka karɓi lambar koken. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, ana ɗaukaka shi zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Ɓangaren laifi kuma na EFCC ne da cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda, ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. A Ghana ana kiran 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasar.

Bayan kwana kaɗan, kada ka yi mamaki in wani sabon imel ko kira ya zo daga mai cewa shi jami'in kamfanin ne, ko lauya, ko gwanin kwamfuta da zai ƙwato maka kuɗinka in ka biya wani abu na somin-taɓi. Yakan san adadin da ka rasa da ranar da abin ya faru, saboda ko dai mutanen farko ne suka dawo, ko sun sayar masa da sunanka. Banki da hukuma ba sa neman kuɗin gaba ko lambar OTP kafin su bi maka haƙƙinka. Katse kiran, ka ƙara lambarsa a cikin shaidun da ka ajiye.